Tsakuwar da ke Gwiwata

Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan. Nakan sayi takarda da bik in ajiye, sai in ga babu dalilin da zai sa magidanci ya zauna ya cika shafi da labarin faɗuwa daga keke, alhali a garin nan akwai waɗanda mota ta kife da su a hanyar Assamaka kuma ba su rubuta kome ba. Ga shi karatuna bai wuce na ƙaramar lakol ba. Ko a can ma mushenmu, wato malamin ajinmu, yakan ce rabin lokacin jarrabawa ina ɓata shi ne wajen duba ko na rubuta sunana daidai. Abin da ya sa na yarda a ƙarshe shi ne ina da tambaya, na yi ta ga duk wanda na sani, ba wanda ya amsa. Wataƙila cikin waɗanda ban sani ba a samu mai amsa.

Tambayar a kan wata tsakuwa ce. Tana cikin gwiwata ta hagu, ƙarƙashin fata, girmanta kamar ƙwayar gero. So nake in san ko tsakuwa ce irin ta ko'ina, ko kuwa daga ramin uraniyom ta fito, irin wadda ake cewa tana cutar da jiki a ɓoye. Amma sai na fara faɗin yadda ta shiga.

Ni mutumin ƙasar Damagaram ne. Na zo Arlit da ƙuruciyata da niyyar samun aiki a kamfanin ma'adinai. Ban samu aiki ba, na samu keke. Sana'ata rarraba burodi: in ɗauko daga gidan burodi da safe, in jera a babban kwali a bayan keke, in ɗaure da roba biyu da aka yanko daga tsohuwar taya, in bi masu shayi da masu butik ina sauke musu. Burodin nan dogo ne, yakan leƙo ta saman kwali, in ka hango ni daga nesa sai ka ce itacen girki na ɗauko.

Wanda bai taɓa tuƙa keke a Arlit ba ba zai gane wahalarsa ba. Da ka sauka daga gudro, wato kwalta, rairayi ne. Mai keke yakan koyi bin sawun tayar kamiyo, babbar motar kaya, inda ƙasa ta danne. Yakan koyi cewa a cikin rairayi ba a kama birki, ba a murɗa kan keke, ba a kuma waiwaye. Duk na san wannan. Na yi shekaru ban faɗi ba, kuma ina ganin dalili shi ne dubawa. Kafin in fita nakan matsa taya da babban yatsa, gaba da baya. In kama birki in saki. In ja sarƙa in ji. In ja robar kwali, in je bakin ƙofa, in dawo in sake ja. Maiɗakina takan ce keken nan ya fi ƴaƴanmu ganin likita.

Akwai wani layi a bayan kasuwa da nake so, don an zuba masa tsakuwa tun da daɗewa, taya ba ta nutsewa a cikinsa. Ranar da abin ya faru na shigo layin nan da kwali cike. Ina tsakiyarsa sai wani tunani ya zo mini: anya na maƙala roba ta biyu? Na san na maƙala. Na tuna hannuna yana maƙalawa. Amma mai yiwuwa na jiya nake tunawa. Sai na waiwaya.

A maƙale take. Na gan ta sarai, an maƙala ta da kyau. Ita ce abu na ƙarshe da na gani kafin ƙasa.

Tafin hannuna ya goge, gwiwar hannu ta ɗaye, wando ya yage a gwiwar hagu, kuma nan ne jini ya fi zuba. Abin da na fara yi shi ne duba ko wani ya gan ni. Kowa ya gan ni. Kwalin bai ɓalle daga keke ba, tunda na ɗaure shi da kyau, sai dai gefensa ya tsage, ƴan burodi suka sulale cikin tsakuwa.

A bakin layin akwai rumfar wani mai faci, Bakatsine, mun daɗe da sanin juna, shi ke gyara mini keke. Ya taso yana goge hannu da tsumma.

"Sannu, direba! Ina fasinjojin, duk sun tsira?"

Na ce da sauƙi.

"Wallahi ban taɓa ganin wanda ya faɗi cikin natsuwa irin taka ba. Har na ɗauka lokacin salla ne ya yi, ban ji kira ba. Me kake nema a baya?"

"Roba nake dubawa."

"To yaya ka same ta?"

"Lafiya lau."

"Alhamdu lillahi. Ita ce muke tsoro."

Ya zaunar da ni a kan wata tsohuwar taya, ya ɗauko wata kwalba baƙa ƙirin. Ya ce man birki ne, in miƙo ƙafa ya zuba mini, kafin azahar ciwon ya bushe. Na tambaye shi ko man bai daɗe ba. Ya ce, "Man birki ne, Malam, ba nono ba." Ban yarda ba. Na roƙi ruwan buta wajen mai shayi na ɗauraye, na ɗaure gwiwar da hankici. Mai faci ya matse tayar gaba tsakanin cinyoyinsa ya miƙar da kan keken da ya karkace. Na ƙarasa rabon burodi ina tura keke da hannu. Waɗanda suka faɗi ƙasa na ware su, ban kai wa kowa ba, na taho da su gida don ban san yadda zan yi da su ba.

A gida maiɗakina ta dafa ruwa ta sa gishiri, ta zaunar da ni a tabarma, ta ɗora ƙafata a kan turmi da ta kwantar. Ta karyo tsinken tsintsiya ta wanke, ta shiga tsince ƙasa da tsakuwa daga cikin ciwon. Ni ba mai son ihu ba ne, amma ranar na yi.

Ta ce, "Malam, ka rage murya. Maƙwabta za su aiko da barka."

Ta fitar da ƙanana da yawa, tana goge su a tsumma. Can sai ta tsaya, ta kusanto da ido.

"Saura ɗaya. Ta shige ciki."

Ta sa tsinke, na janye ƙafa. Ta sake sawa, na sake janyewa. Sai ta jefar da tsinken ta ce to a bar ta, jiki da kansa zai turo ta in ya gaji da ita. Ta shafa mini jan maganin nan na farmasi, ta tashi. Muna cikin wannan akuyarta ta sami burodin da na ajiye a gindin bango, ta cinye tas. A lokacin har na ji daɗi, na ce an huta da tunani.

Tafin hannu da gwiwar hannu suka warke ba da daɗewa ba. Gwiwar ƙafa ce ta ƙi, kuma na san dalili. Ciwon gwiwa ba ya shiri da sujada. Ya fara bushewa, in durƙusa, ya tsage. Ya sake bushewa kafin la'asar, in durƙusa, ya tsage. Wando ya manne, sai an jiƙa kafin a cire. Limaminmu ya ce mini addini bai matsa ba, ina iya miƙe ƙafar ko in yi salla a zaune har ta warke. Na gode masa, amma da na dawo gida na dubi ciwon sai na ga bai kai girman da za a zauna dominsa ba. Na ji tsoron ranar da za a tambaye ni, in nuna abin da bai kai tafin hannun jariri ba. Sai na ɓullo da dabara: in zan durƙusa in kai nauyina duka kan gwiwar dama, ta hagu ta taɓa tabarma kaɗan. Dabarar ta yi aiki, sai dai takan sa in karkace in jingina da wanda ke damana a sahu.

Wanda ke damana kullum wani tsoho ne Ba'abzine, maƙwabcinmu, dogo, ba ya rabuwa da rawani, ba ya yawan magana. Ya yi aiki a cikin ramin ma'adinai tun ƙuruciyarsa har ya ajiye. Ya haƙura da jinginata na wani lokaci. Rannan bayan an sallame azahar, muna neman takalma, ya ce:

"Kai, mai burodi. Ni bango ne?"

Na ba shi haƙuri, na ɗaga wando na nuna masa. A lokacin ciwon ya rufe, sabuwar fata ta hau, jajir, mai sheƙi. A tsakiyarta ga wani ɗigo baƙi. Jikin bai turo ta ba, rufe ta ya yi.

Ya sunkuya ya duba. Ya danna da yatsa.

"Dutse ne."

"E, Baba. Tsakuwa ce ta saura."

"Ina ka faɗi?"

Na kwatanta masa layin. Ya gyara rawani. Hausarsa irin ta mutanen daji ce, kome namiji ne a bakinsa.

"Da can," in ji shi, "an zuba dutsen rami a wasu hanya cikin gari. Wanda aka fitar, ba a so. Daga baya wasu mutane ya zo da wani ƙarfe a hannu, suna bi suna bi. Inda ƙarfen ya yi kuka, a tona a kwashe."

"Kuka kamar yaya, Baba?"

"Ƙyas-ƙyas-ƙyas. Kamar fara a cikin gwangwani."

"To layin bayan kasuwa fa? Yana ciki?"

"Ban sani ba. Ni a ƙasa nake. Ban ga abin da ake yi a sama ba."

Ya ce Allah ya sawwaƙe, ya zura takalmansa, ya tafi dafa shayinsa. Na tabbata bai sake tuna maganar ba. Ni kuma ban sake tuna wata ba.

Ina so a fahimce ni, ban ɗora wa kowa laifi ba. Ban ga an zuba ba, ban ga an kwashe ba. Tsohon ma cewa ya yi bai sani ba. Da ya ce mini e, da na san abin da nake tsoro. Da ya ce a'a, da na nemi wani abin na ji tsoronsa. Amma ban sani ba ya ce, kuma ita ce maganar da ta fi kowace zama a zuciyata.

Na fara da akuya, tunda ta ci burodin da ya kwanta a tsakuwar. Kowace safiya kafin in duba keke sai in duba ta: ido, hanci, tafiya, kashi. Akuyar ta saba, har takan zo da kanta ta tsaya. Daga nan na sauya gefen kwanciya, don gwiwar hagu ta fuskanci bango. Autarmu a lokacin tana rarrafe, ta saba in na dawo ta haye ƙafata. Na riƙa ɗauke ta daga hagu ina mayarwa dama. Ta koma hagu, in mayar da ita dama. Uwarta na kallo daga bakin murhu, har abin ya yi mata yawa.

"Malam, me hagun ta yi?"

Na gaya mata duka, har kukan ƙarfen.

Ta ajiye muciya. Ta ce, "Tun ina amarya muke shan ruwan garin nan, muke shaƙar iskarsa. Tukunyar nan da nake maka tuwo, da tsohon ƙarfen da ake sayarwa a kasuwa aka ƙera ta, wa ya san daga ina ya fito? Duk ba su kashe ka ba, sai ƙwayar gero guda?"

Na san don ta kwantar mini da hankali ta faɗa. Na ƙara tukunya cikin abubuwan da nake tunani. Amma tukunya a kan murhu take, ana iya sauya ta. Tsakuwa tare muke kwana.

Na koma layin na tambayi mai faci wa ya zuba tsakuwar. Ya ce shi ma tarar da ita ya yi.

"A kanta nake zaune tun kafin ka sayi keken nan, a kanta nake cin abinci, a kanta nake salla. Ga ƴaƴa cike da gida, ba mai kai biyu. In tana damunka kawo in ɗora maka faci, ba ta fita ba ta shiga."

Na tambayi tsofaffin kasuwa. Wani ya ce daga ƙorama aka ɗebo ta, yana ganin motocin da idonsa. Wani ya ce wace ƙorama, daga rami ne, kowa ya sani. Wani ya ce ginin wani ofis ne aka rushe aka baza. Na huɗu ya ce an zo da ƙarfen mai kuka an bi layin, amma ya manta ko ya yi kuka, don a ranar yana rigima da wani a kan buhun gero. Kowannensu ya rantse.

Sai na tafi asibitin unguwa. Malamin da na samu saurayi ne, mutumin wajen Tawa, mai fara'a. Na jira layi har ya zo kaina, na ɗaga wando. Ya danna wurin, ya lanƙwasa ƙafar ya miƙe.

"Tana maka ciwo, Baba?"

"A'a."

"Tana hana ka tafiya?"

"A'a."

"Ta kumbura, ko ta yi ruwa?"

"A'a."

"To mi ya kawo ka?"

Na ce ƙarfen nan mai kuka nake so a kara mini a gwiwa. Ya dube ni, ya dubi mutanen da ke jira a benci, mace da yaro mai zazzaɓi, wani da hannu a naɗe.

"Baba, mu nan ma'aunin zafin jiki gare mu, da na hawan jini. Wane kake so?"

Na ce na hawan jini, don kada zuwana ya zama banza. Ya auna ya ce ya ɗan hau. Na ce tsakuwar ce ta jawo? Ya ce tunanin tsakuwar ne. Ya ce ana iya tsagawa a cire, amma shi bai ga amfanin buɗe abin da ya warke ba, kuma masu keke da yawa suna yawo da irinta har su tsufa. Na ce masu keken Arlit? Ya ce a kira na gaba.

Maiɗakina ce ta gaji. Wata Juma'a da hantsi, wanzamin da ke zuwa yi mini aski ya yi sallama, sai na ga ta riga ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta ajiye ruwan zafi a kwano, da auduga, da jan magani. Ashe sun gama magana tun makon da ya wuce. Wanzamin dattijo ne, hannunsa ba ya rawa, shi ya yi wa ƴaƴana duka askin suna.

"Yau ba kai muka zo ba, ƙafa muka zo," in ji shi. "Miƙo."

Na ce, "Sarkin aska, abin nan fa ba ƙaya ba ce."

"Na cire ƙaya, na cire kwalba, na cire ƙusa. Na taɓa cire wa wani haƙorin ɗan'uwansa daga dantse. Miƙo."

Gaskiya na ji sanyi a raina. Na ga yau za a gama. Na miƙe ƙafa, ya wanke wurin, ya zaro wata siririyar aska daga zabirarsa, ya wasa ta a fata, ya tsoma a ruwan zafi. Ya ja fatar gwiwata da yatsu biyu har ɗigon ya fito fili, baƙi, a sarari, kamar yana kallona.

"Kau da kai. Kafin ka ce bisimilla ta fito."

Na kau da kai. Sai idona ya faɗa kan kajin maiɗakina suna tsattsagar ƙasa a gindin bango, da autarmu zaune kusa da su tana ɗibar ƙasa tana kaiwa baki.

Na ce, "Dakata. In ta fito, ina za mu sa ta?"

"Mu jefar mana."

"A ina?"

Ya yi nuni da askar, haka dai, tsakar gida.

Na ce kaza za ta tsince ta, mu ci kazar. Ko yarinyar nan ta riga kazar. Ya ce to a jefa a masai. Na ce masai cikin ƙasa yake, kuma ruwan da muke sha ma daga ƙasa ake jawo shi. Ya ce a binne a bayan gari. Na ce garin nan kullum faɗi yake, inda ake bayan gari da na zo yanzu gidaje ne, wani zai zo ya yi bulo da ita ya kwantar da ƴaƴansa a ɗakin. Maiɗakina ta ce a mayar da ita layin da ta fito, ta tarar da ƴan'uwanta. Na yi tunanin wannan sosai. Amma waɗancan ban san kome a kansu ba lokacin da aka zuba su. Wannan kuwa da hannuna zan ɗauka, ina zarginta, in ajiye a hanyar Musulmi.

Wanzami ya ce, "To ba ni, in tafi da ita. Ni ba na tsoron dutse." Ya buɗe bakin zabira.

Na dubi cikin zabirar. Nan askar jarirai take.

Maiɗakina ta ce a sa a gwangwani a rufe a ɗora a kan katanga. Na tambaye ta wane gwangwani ne a gidan nan yara ba su buɗe ba. Ta ce to in kai ƙofar kamfani in ba mai gadi. Na hango kaina tsaye gaban mai gadi da ƙwayar gero a tafin hannu, ina cewa ga kayanku, in naku ne. In kuma ya karɓa, na san abin da zai yi: zai jira in juya baya ya kaɗe hannu.

Ruwan kwano ya huce. Wanzami yana riƙe da aska, kaji suna ta harkarsu. Sai na janye ƙafata na sauke wando.

Na ce, "A bar ta. A nan na san inda take. Ba kazar da za ta ci ta, ba yaron da zai sa ta a baki."

Wanzami ya dube ni, ya dubi maiɗakina. Ita sama take kallo.

Ya ce, "To. Tunda na riga na wasa aska, kawo kan."

Ya yi mini aski mai kyau ranar. Maiɗakina ta kwashe auduga da magani, ta zubar da ruwan, tana cewa Allah ya ƙara mata haƙuri, don wanda ya ba ta tun farko ya kusa ƙarewa.

Shekaru sun wuce. Akuyar ta haifi tagwaye, na duba ƙafafunsu da idanunsu, daidai suke. Autarmu ta shiga lakol, har yau in za ta zauna kusa da ni ta dama take zagayowa, ba ta san dalili ba, ta ɗauka ladabi ne. Ɗigon bai girma ba, bai ragu ba, bai taɓa yi mini ciwo ba. Na sake faɗuwa daga keke, amma a cikin rairayi mai laushi, wanda na san asalinsa, iska ce ta kawo shi. Yanzu in tunanin roba ya zo mini ba na waiwaye. Nakan tsaya cak, in sa ƙafa a ƙasa, in sauka, in duba, in hau. Masu babur na bayana ba sa jin daɗin haka. Duk mai keken da na gani ya goge, nakan tsaya in ce masa ya wanke da tafasasshen ruwa, ya daure a tsince masa kome tun ciwon yana buɗe, ko da zai yi ihu har a aiko da barka.

Tsohon nan Ba'abzine ya fara tari, ya daina zuwa masallaci, danginsa suka zo suka tafi da shi wajen Gugaram. Can muka ji ya rasu. Tsoho ne, kuma tsofaffi suna tari a ko'ina, ban ce kome ba. Amma ranar da aka yi masa addu'a bayan la'asar, na tsinci hannuna a kan gwiwata, kuma ban san lokacin da ya je can ba.

To ga roƙona ga mai karatu. In akwai wanda ya tuƙa kamiyo a Arlit a shekarun baya, ko ya riƙe shebur, ko mahaifinsa ya ba shi labari, kuma ya san inda aka ɗebo tsakuwar da aka zuba a layin bayan kasuwa, wanda ya taso daga wajen masu hatsi ya ɓulle wajen masu tsohon ƙarfe, don Allah ya sanar da ni. In daga ƙorama ce ma ina son ji, amma ya faɗa mini yadda aka yi ya sani, don an riga an rantse mini ta kowane gefe. In akwai wanda ya san ƙarfen nan mai kuka, ya gaya mini ko yana jin abu ƙarami kamar ƙwayar gero ta bayan fata, da kuma inda talaka zai je a kara masa. Abu mafi muhimmanci, in an kara ya yi kuka, a ina ake miƙa irin wannan, wurin da ba kaza, ba yaro, ba ruwa a ƙarƙashi? Ranar da na sami wurin, a ranar zan kira wanzami.

Ba sai na rubuta sunana ba. A bar saƙo wajen kowane mai shayi a Arlit, a ce na mai burodin nan ne da ke tsayawa a tsakiyar hanya yana duba roba. Zai iso.